Fashin Baƙi a Kan "Ɗan Fashin Teku"

A ƙarshen zangon karatun da ya wuce, wani ɗalibinmu da bai daɗe da yankar katin wannan ƙungiya ba ya kawo mana labarin da ya rubuta cikin littafin rubutu mai shafi 80, ya roƙe mu mu duba masa kafin ya kai a buga. Labarin soyayya ne da jarunta kamar yadda aka saba, kuma yaron yana da hannu, Hausarsa ba gargada. Muna cikin jin daɗin karatu sai muka iso babi na huɗu, inda jarumin ya ɗauki masoyiyarsa a kwale-kwale za su haye Gulbin Kabi daidai Matan Fada, sai ga "'yan fashin teku" sun ɓullo musu daga cikin ciyawa. Shugabansu ido ɗaya gare shi, ƙafarsa guda ta itace ce, ga aku a kafaɗa, ga baƙar tuta mai zanen ƙoƙon kan mutum tana kaɗawa a bisa jirginsu. Muka ajiye jan biro muka yi ta dariya mu kaɗai a ɗakin malamai, domin duk wanda ya san Matan Fada, inda masunta ke faɗawa da homa da gora ranar su, ya san babu faɗin da irin wannan jirgi zai juya a cikinsa.

Da dariyar ta lafa sai muka ga ashe abin ya wuce na yaro ɗaya. Ba daga kansa ya ƙago mutumin nan ba. Mai ƙafa ɗaya da akunsa ya samo asali ne daga littafin Treasure Island na Robert Louis Stevenson wanda ya fito a 1883, finafinan Amurka suka yi ta juya shi har ya iso wayar ɗalibinmu. Sunan kuwa daga rediyo ya tsince shi. Wato ya ari jiki daga fim, ya ari suna daga ɗakin labarai, ya kawo su ya dasa a fadamar garinsu. Mu ma manya muna yin irin wannan aron, sai dai namu ya fi nasa iya ɓuya. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu ɗan yi tsokaci a kan kalmar Turancin nan, pirate, da yadda muka raba ta gida biyu a Hausa, muka ce wa rabinta fashin teku, ɗaya rabin kuma, wanda ya fi shafar tukunyar marubuci, muka ce masa satar fasaha.

Bari mu fara da abin da ke hannunmu. Bahaushe bai taɓa ƙarancin kalmomin raba mutum da kayansa ba, kuma kowace da gurbinta. Sata a ɓoye ake yin ta, mai kaya yana barci ko ba ya nan. Sane na cikin taro ne, aikin yatsu a aljihu ranar kasuwa. Ƙwace ido na ganin ido, ƙarfi kawai aka fi ka. Fashi kuwa yana da sharaɗin da sauran ba su da shi, wato hanya. Ɗan fashi ba ya zuwa gidanka a asalin ma'anar kalmar, yana zaune ne a dokar daji tsakanin gari da gari yana jiran fatake, shi ya sa ake ce masa mai tare hanya. Kalmar 'yar gidan fasa ce, kamar yadda muke cewa fashin dutse ko fashin baƙi, kuma abin da ɗan fashi ke fasawa shi ne ayari: ya tarwatsa shi, jakai su yi nan, mutane su yi can, ya kwashi abin da ya samu. Kada a haɗa shi da ɗaya fashin mai dogon wasali, na fasa tafiya ko fashin zuwa makaranta, wanda rubutun boko ya sa musu riga iri ɗaya. A bakin mutanenmu na nan yamma ma hwashi ake cewa. Af, tun da mun zo nan, "fashi da makami" da muke rubutawa kullum maimaici ne da muka gada daga harshen kotu. Yaushe aka taɓa tare ayari da hannu banza?

Mun taɓa tambayar wani dattijo Basarke da ke gyaran taru a bakin gulbi ko me suke kiran mai yi wa mutane ɓarna a kan ruwa. Ya ɗaga kai ya dube mu ya ce, "Malam, wanda ka zuwa da dare shi ɗebe maka kihi cikin mamari, ɓarawo na. Hwashi kau sai bisa tudu." Muka ce, "To Baba, in an tare jirgi fa da kaya a ciki?" Ya ce wannan ai yaƙi ne, aikin sarakuna ne a zamanin da. Mu riƙe amsar nan tasa, za mu dawo kanta.

Saboda haka "ɗan fashin teku" ginin 'yan jarida ne, kuma a ganinmu gini ne mai kyau. Sun ɗauki fashi da sharaɗinsa na hanya suka ɗora a kan teku, wadda ita ce babbar hanyar fataucin duniya. Ya shiga kunnen jama'a sosai tsakanin 2008 da 2011, lokacin da samarin Somaliya suka addabi jiragen da ke bi ta mashigin Adan, har suka kama jirgin Maersk Alabama a watan Afrilu na 2009, abin da aka mayar fim a 2013. Daga baya masifar ta dawo ƙofar gidanmu: a 2020, cikin ma'aikatan jirgi 135 da aka sace a tekunan duniya, 130 a mashigin Gini aka ɗauke su. Nijeriya ta kafa dokar hana fashin teku a 2019, kuma a watan Yuli na 2021 babbar kotun tarayya da ke Legas ta ɗaure mutum 10 shekara 12 kowannensu saboda kama wani jirgin kamun kifi na 'yan Sin. Haka kuma aka gina "fashin jirgin sama", wanda masu shekaru irin namu za su tuna an yi ta faɗa a watan Oktoba na 1993, sa'ad da wasu samari huɗu suka karkatar da jirgin Nigeria Airways daga hanyar Abuja zuwa Yamai. Maƙwabtanmu masu Faransanci kalmar pirate ɗin dai suke amfani da ita ga mai wannan aiki, sai su ƙara mata "na iska".

Sai dai masu doka sun fi 'yan jarida tsanani. A yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan dokar teku ta 1982, sashe na 101, ba a kiran abu da wannan suna sai ya cika sharuɗɗa: a tsakiyar teku aka yi shi inda babu ƙasar da ke da iko, daga wani jirgi aka far wa wani, kuma don amfanin kai aka yi. In a cikin mil 12 na ruwan da ƙasa ke iko da shi ne, sunansa fashi da makami kurum. To ina ga Gulbin Kabi, wanda sai ya bi ta Birnin Kebbi ya gangara ya faɗa Kwara, Kwara ta yi tafiyar ɗaruruwan mil kafin ta ga gishirin teku? Ko ta fuskar harshe ko ta fuskar doka, ɗalibinmu ba shi da ɗan fashin teku a Matan Fada.

Yanzu ita kanta kalmar Bature, daga ina? Ba tasa ba ce, aro ya yi wajen shekara 700 da suka wuce daga Latin da Faransanci, su kuma Rumawa daga Girkawa suka karɓa. A Girkanci peirates ne, daga aikatau mai nufin gwadawa ko jarrabawa, har zuwa kai farmaki. Wato asalinsa "mai gwada sa'a". Kalmomin Turanci na gwaji a ɗakin kimiyya da na gogewa a aiki duk kakansu ɗaya da ita. Abin lura a nan shi ne babu ruwa ko jirgi a cikin tushen kalmar, kuma babu zagi. Masanin tarihin Girka Tusididis ya nuna cewa a zamanin kakanninsu ba a ɗauki wannan sana'a abin kunya ba. Zagin ya shigo ne lokacin da aka sami daula mai jiragen fatauci da take son tsarewa. Masu tare jirage sun taɓa kama Yuliyas Kaisar yana saurayi sai da aka fanshe shi, kuma da suka fara tare jiragen alkamar da ke ciyar da birnin Rum, aka ba Janar Pompey rundunar da ya share su daga Bahar Rum cikin wata uku, shekara 67 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Tun daga wannan zamani malaman dokar Rum suka ɗauki mai wannan aiki a matsayin abokin gaban kowa da kowa, wanda ko alkawari aka yi da shi ba dole ne a cika ba.

A nan ne gizo ke saƙar, kuma nan ne muke son ɗan'uwa marubuci ya tsaya da kyau. Kalmar da ke fitar da mutum daga cikin mutane, wa ke da ikon liƙa ta? Francis Drake ya yi shekaru yana wawushe jiragen Sifaniya. Mutanen Sifaniya ɗan fashi suka san shi, amma Sarauniya Elizabeth ta farko sarauta ta ba shi a 1581, a cikin jirgin nasa, bayan ta karɓi rabonta. A lokacin sarakunan Turai takardar izini suke ba mai jirgi ya je ya washe jiragen abokan gaba, in yana riƙe da takarda bawan sarki ne, in babu sai igiya. Ba a soke wannan al'ada ba sai a taron Faris na 1856. Hairuddin Barbarosa na Aljaza'ir, wanda Turawa ke tsorata 'ya'yansu da sunansa, babban kwamandan jiragen yaƙin Daular Usmaniyya ne. Ko ƙursan da Larabawa ke cewa aro ne daga harsunan Turai na bakin Bahar Rum, kowane ɓangare yana jifar ɗaya da kalma guda.

Ba sai mun tafi nesa ba. A ƙarshen 1805 Mungo Park ya taso daga Sansandin cikin jirginsa ya biyo Kwara, ba ya tsayawa gaida masu ƙasa, duk kwale-kwalen da ya matso sai ya buɗe masa wuta. Ya wuce ta Yawuri a cikin jiharmu ta yau, ya je ya halaka a Busa a farkon 1806, wurin da ruwan madatsar Kainji ya shanye yanzu. A littattafan da muka karanta a makaranta, kuma muka karantar, shi ne mai binciken ƙasa, waɗanda suka tare shi su ne miyagu. Amma a tsaya a bakin gaɓa a duba da idon mai kwale-kwale: baƙo ne da bindiga, ya ratsa ruwan mutane bai biya kuɗin fito ba, ya bar gawawwaki a bayansa. Wane suna masunci zai ba shi? Haka a watan Janairu na 1895 Sarki Koko na Nembe ya kai hari hedkwatar Kamfanin Royal Niger da ke Akasa. Kamfanin ya ɗauke shi ɗan ta'adda, alhali kamfanin ne ya fara tare wa mutanen Nembe hanyar cinikin manjan da suka gada.

To ga amsar dattijon nan ta dawo: in sarki ya tare jirgi, sunan abin yaƙi. Hausa ma tana da wannan tsani, domin bayan fashi akwai hari, bayan hari akwai yaƙi, abin da aka kwaso kuma in sarki ya sa albarka ya tashi daga kayan sata ya koma ganima. Wanda ya karanta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa zai tuna tafiyar Makau hari tare da mutanen sarki. Mutane aka je aka kamo daga gidajensu, amma laifin da aka tuhumi Makau da shi a fada shi ne wai ya ɓoye wasu daga cikin bayin bai kawo wa sarki ba. Kamun bai zama laifi ba, ɓoyon ne laifi. Marubucin bai tsaya yi mana wa'azi a wurin ba, ya bar fadawa suna magana da harshen fada, mu masu karatu muka ga abin da su ba su gani ba.

Mu mutanen Argungu mun fi kowa sanin wannan tsani. Tun da Birnin Kebbi ya faɗi hannun masu jihadi a 1805, ta kan Karari, da tashin Yakubu Nabame a 1849, har zuwa zamanin Sarkin Kabi Sama, kusan ƙarni guda aka yi ana kai wa juna hari a fadamar nan tsakanin Kabawa da Gwandu da Sakkwato, ana ƙone garuruwa, ana kore shanu. Abin da magatakardan Gwandu zai rubuta tawaye, makaɗin fadar Argungu jaruntaka zai kira shi, kowannensu kuma da gaskiyarsa yake faɗa. Sai a 1934 da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara aka yi masa su, wanda shi ne mafarin bikin da duniya ta san mu da shi. Duk marubucin da zai ɗauki wannan zamani ya gina labari, kuma muna fata a samu, to kowace kalma ya zaɓa cikin fashi da hari da yaƙi ya riga ya shiga wani sansani, ko ya sani ko bai sani ba. In tauraronsa Bakabe ne ya ce yaƙi, daidai ne. In bafaden Gwandu ne ya ce tawaye, daidai ne. Inda ake kuskure shi ne mai ba da labari ya ari bakin ɗayansu ba da niyya ba.

Har yau ba mu fita daga wannan matsala ba. Waɗanda suka kwashe ɗalibai a Birnin Yawuri a watan Yuni na 2021, kafofin labarai "'yan bindiga" suka fi kiran su. Wannan suna abin da ke hannun mutum kawai ya faɗa, bai faɗi abin da ya aikata ba, maharbi ma ai ɗan bindiga ne. Mutanen ƙauye da abin ya ci sun fi mu iya suna, su ɓarayin daji suke cewa. Ƙasar da ta haifi marigayi Gambu mai waƙar ɓarayi ba ta rasa sanin yadda ake yi wa ɓarna kwalliya da baki ba.

Mu juyo ga rabin da ya shafi aljihunmu. Bature bai tsaya a teku da kalmarsa ba. Bayan injin ɗab'i ya mayar da littafi haja, masu buga littattafai na Landan, waɗanda ƙungiyarsu ta sami takardar sarauta a 1557, suka fara kiran duk wanda ya buga littafin da wani ya yi wa rajista da wannan suna na 'yan teku. Kafin 1700 kalmar ta zauna a wannan ma'ana, a 1710 kuma Ingila ta yi dokarta ta farko ta haƙƙin marubuci. A nan ma tsanin nan yana aiki. Amurka, wadda a yau ta fi kowa kuka a kan kwafar finafinanta, ta yi kusan shekara ɗari tana buga littattafan Ingila ba ta biyan ko anini. Charles Dickens ya je can a 1842 ya yi ƙorafi, jaridunsu suka yi masa ca, ba su amince da haƙƙin baƙon marubuci ba sai a 1891.

A wurinmu abin sabo ne ƙwarai. Littattafan Malam Abdullahi na Gwandu da hannu aka yi ta kwafar su daga zaure zuwa zaure, mai kwafa ya rubuta sunan mawallafi ya yi masa addu'a, yana neman lada, ba wanda ya ce ya yi laifi. Tatsuniya kuwa ba ta da uba. Sai da marubuci ya fara cire kuɗin aljihunsa, ko ya sayar da akuyar matarsa, ya kai maɗaba'a ya ɗauko kwafi dubu biyu a kan babur ya raba wa 'yan kasuwa, kamar yadda aka yi ta yi tun wajen 1990, sannan kwafa ta zama cuta. Gwamnati ta kafa dokar haƙƙin mallaka a 1988, aka sabunta ta da wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023. Wani abin ban dariya, dokar soja ta 1988 ɗin nan lamba 47 ce, dokar fashi da makami ta 1970 wadda ta kawo harbi a bainar jama'a ita ma lamba 47 ce.

Mu kuwa da muka zo fassara sai muka ce "satar fasaha", kuma a nan ne muke da ja. Laifi biyu mabambanta muka cusa cikin buhu ɗaya. Akwai wanda zai ɗauki labarinka ko baitocinka ya canza sunayen taurari ya sa sunansa a bango. Wannan ɓarawo ne na sosai, a ɓoye yake aiki, babban tsoronsa a gane, kuma fasaharka ce ya ɗauke. Sunan ya dace da shi. Akwai kuma wanda bai taɓa fasaharka ba ko kaɗan. Sunanka yana nan a bango da manyan baƙaƙe, har hotonka ya bari, domin sunan naka shi ne jarinsa. Abin da ya yi shi ne ya buga littafin a takarda mai arha ya riga ka isa kasuwa, ya zauna tsakaninka da mai karatunka, kuɗin da ya taso zai zo gare ka ya tare shi a hanya. Wani abokin aikinmu da ya wallafa ɗan littafin nahawu don 'yan sakandare ya taɓa cin karo da nasa a wata kasuwa, an shimfiɗa a tabarma da rana tsaka a rabin kuɗinsa, mai sayarwa har yana yi masa talla, "Malam, saya wa yara, mai littafin nan ƙwararre ne." Kwafin da ya bugo da bashin albashinsa kuwa suna jibge a ƙarƙashin gado. Ina sata a nan? Wannan ai tare hanya ce. Mun ga Bature ya fi mu dacewa da ya kira shi da sunan masu tare jirage, kuma Hausa tana da kalmar tun tuni. Shawararmu ita ce a bar wa na farko satar fasaha, na biyu a kira aikinsa fashin littafi, ko fashin fim, ko fashin waƙa.

Mun san za a ce fashi sai da makami da firgita, mai buga littafin wani kuwa bai zare wa kowa wuƙa ba. Gaskiya ne, kuma ba mu ce alƙali ya yanke musu hukunci ɗaya ba. Amma mun riga mun nuna cewa ƙashin bayan kalmar hanya ce da ayarin da aka fasa, kuma Bahaushe da kansa in ɗan kasuwa ya tsuga masa kuɗi yakan ce wannan ai fashi ne da rana tsaka, ba tare da ya ga wuƙa ba. Amfanin raba sunan a aikace yake. Wanda aka yi wa satar fasaha abin da yake nema a mayar masa da sunansa, kuma wannan ƙungiya tana iya zama ta sasanta shi da ɗan'uwansa a zaure ɗaya. Wanda aka yi wa fashin littafi kuɗinsa yake nema, maganarsa ta hukumar kare haƙƙin mallaka ce da kotu. In muka kai kuka da suna ɗaya, sai a ba mu magani ɗaya. Masu shagon hayar littafi kuma, waɗanda wasunmu ke haɗawa cikin zagin, a cire su: kwafin da suka saya da kuɗinsu suke bayarwa, kuma su suka koya wa matan aure da yawa karatun littafi.

Saura mutum na uku, wanda muka fi jin nauyin ambata domin muna cikinsa. Sau nawa littafin da aka sa a manhajar jarrabawa bai iso kantin garin nan ba har zango ya raba, muka ɗauki kwafi ɗaya da muke da shi muka kai shagon hoto aka yi wa yara arba'in? Mun yi, kuma in aka koma gidan jiya wataƙila mu sake, don ba za mu tura yaro ɗakin jarrabawa da littafin da bai taɓa gani ba. Ba mu ci ko kwabo a ciki ba, amma marubucin ma bai ci ba. Yau kuma abin ya koma waya. Marubuciya za ta kwana tana buga labari da babban yatsa, ta buɗe zaure a WhatsApp ta ce mai son ci gaba ya biya 'yan ɗaruruwa, kafin gari ya waye wata daga cikin waɗanda suka biya ta tura shi zaure goma kyauta, ana yi mata godiya da addu'a kamar mai kwafar littafin Malam Abdullahi. Ita ba ta sa sunanta ba balle a ce ɓarauniya, ba ta sayar ba balle a ce 'yar fashi, ga shi kuwa ta fasa ayarin. Bature ya haɗa ta da sauran cikin kalmarsa guda ya huta. Mu a ganinmu Hausa ba za ta yarda a kira malamin makaranta da mai injin buga jabu da suna ɗaya ba, kuma tana da gaskiya. Muna roƙon 'yan'uwa masu nazarin harshe a cikin wannan ƙungiya su kawo shawara a fitowa ta gaba, in ya so a tafka muhawara.

Shi kuwa ɗalibinmu, mun mayar masa da littafinsa muka ce ya je bakin gulbi ya zauna da masunta kwana uku kafin ya sake taɓa babi na huɗu. Bayan mako biyu ya dawo. Jirgi mai tuta ya tafi, ƙafar itace ta tafi. A madadinsu akwai wani ɗan'uwan jarumin, masunci kamarsa, wanda ke bin dare yana ɗebe masa kifi daga mamari don ya hana shi tara kuɗin aure, kuma jarumin ya gane shi ne ta irin ƙullin da yake yi in ya mayar da igiya. Babin ya fi duk sauran littafin kyau. Sai dai da muka juya shafi muka tarar akun yana nan, ya koma rataye a keji a ƙofar gidan ɓarawon. Muka ce, "Kai yaro, wannan tsuntsu fa?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, a yi mini haƙuri da shi. Ai ko Abubakar Imam aku ya naɗa waziri, kuma shi ne zai tona asirin a babi na bakwai." Muka rufe jan biro muka bar masa akunsa.